Yadda Mirlande Ke Ba da Labari

Saratu ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Al Rigga, kuma duk faɗin Dubai ba ta da abokiyar hira sai Mirlande, 'yar Haiti da suke aiki tare. Mahaifin Saratu na kwance a Kano, jiki ya ƙi daɗi, hutu kuwa an ce sai wata mai zuwa. Kullum da fargabar nan take fita aiki.

Mirlande na rubuta gajerun labarai kan matan ƙasarsu, tana karanta mata lokacin cin abincin rana. Labaran nan haushi suke ba Saratu. A wani labarin, girgizar ƙasa ta danne wa mace ɗanta, maimakon a ji kururuwa sai labarin ya kauce: matar na tsince shinkafa, tana faɗa da maƙwabciya a kan bokiti, tana yi wa 'yar da ta rage kitso. Saratu, da ba ta iya riƙe magana a ciki, ta ce wannan ai rowar hawaye ce. Mirlande ta ce haka matan garinsu suke. Abin da ya fi ciwo ba sa kama sunansa, sai su yi ta zagaye shi da aikin gida har mai sauraro ya gane da kansa. Saratu ta taɓe baki ta ci gaba da cin abincinta.

Ranar da Mirlande ke hutu, Saratu na zaune ita kaɗai a ɗakin ma'aikata sai Umma ta kira. Umma da kullum take farawa da rahoton Baba, ya sha kunu ko bai sha ba, yau da tsadar tumatir ta fara. Ta koma kan akuyar maƙwabta da ta cinye zogale. Ta ce ta share tsakar gida tun safe, ta aro tabarmi, manyan tukwanen ma an sauko da su. A bayanta ana jin muryoyin mata da yawa, ƙasa-ƙasa.

Saratu ta ajiye cokali. Tsoro ya kama ta, ta so a ce Umma ta yi ta zancen akuyar har yamma.

"Umma, yaushe?"



"Tun jiya. An kai shi." Umma ta ja numfashi. "Ke fa, kin ci abinci?"

"Ina ci, Umma."