Ido Biyu

Ƙarar sara na ji, na leƙa ta kan katanga. Babban ɗan Baba Mai Almakashi ne ya naɗe hannun riga yana zabga wa gindin bishiyar inabi adda. Uban kuwa yana kwance a ɗakin da tagarsa ke kallon lambun, numfashi na fita da ƙyar.

Ko takalmi ban tsaya sawa ba na zagaya. Na tambayi ɗan ko lafiyarsa ƙalau. Bai ma ɗago ba. Wai ai bishiyar ta mutu, ko ganye ɗaya babu, kuma likita ya ce a fara shiri, to ina masu gaisuwa za su zauna in wannan tarkacen ya cinye tsakar gida? Mutum da ransa, ana auna inda za a jera kujerun ta'aziyyarsa.

Ba mutuwa ta yi ba, barci take. Haka take zubar da ganye duk lokacin sanyi, kuma a lokacin ne tsohon yake yi mata abin da yake kira aski. Marigayiya matarsa ce ta dasa ta. Yakan hau ɗan benci da almakashinsa mai jan hannu, ya bi reshe reshe, ya bar wa kowanne ido biyu, wato ƙullutun da sabon tsiro ke fitowa. Bana da ciwo ya kwantar da shi, abu ɗaya ya roƙi ɗan nan: ya yi mata aski kafin sanyi ya wuce. Shi ne gogan ya yi mata ƙwalƙwal.

Kafin in riƙe hannunsa ta riga ta rabu da gindinta. Rassan suna nan rataye a rumfa, ba abin da ke riƙe da su daga ƙasa.

Na shiga ɗakin tsohon. Warin magani da fitsari ya tare ni tun daga ƙofa, zanin gadon ma ba wanda ya canza. 'Yarsa tana gefe tana latsa waya. Tsohon ya juyo da ido.

"Maƙwabci, adda nake ji? Ba a yi mata aski da adda."

Ya ci gaba.

"Ka ce masa ya bar mata ido biyu. Kuma ya yi sauri, in aka makara kuka take yi, ruwa ya yi ta zuba daga inda aka yanka."

"Zan faɗa masa, Baba."

Ya lumshe ido, yatsunsa biyu suna motsi a kan bargo kamar yana datsa wani abu. Washegari da hantsi ya cika.

Wuri kam ya samu. Kujerun roba har bakin katanga, ɗan yana tsakiya yana share hawaye da farin hankici, yana gaya wa mutane yadda Baba ke son lambunsa. Gaisuwa kawai na yi masa, na kasa haɗa ido da shi don ƙyama.

Na koma can ƙarshe na zauna kusa da kututturen. Wani baƙo ya ɗora takalmansa a kai don kada a taka masa. Daga ƙarƙashinsu ruwa yana tsattsafowa, yana bin ɓawon a hankali yana shiga ƙasa.