Zuciyar Na'Allah Mai Haƙar Rijiya

Shekara ta biyu ke nan damina na yi wa ƙasar Gobir gardama. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, rijiyoyi suka ƙafe, kowa a Unguwar Lalle sai neman Na'Allah mai haƙar rijiya yake. Shi kuwa akwai abin da yake ɓoyewa. In ya sauka rami ya yi sara kaɗan, sai ƙirjinsa ya kama bugu barkatai, numfashi ya gajarta, ya jingina da bango har abin ya lafa.

Ɗiyarsa Ruƙayyatu, mai karatun likita a Sakkwato, ta zo hutu. Ta kama hannunsa za ta cire masa ƙaya, sai yatsunta suka tsaya a kan jijiya. Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe mi?"

"Zuciyakka ba ta bugu daidai."

Washegari ta sa shi gaba har asibiti a Sakkwato. Aka liƙa masa wayoyi a ƙirji, takarda ta fito da zane. Na'Allah ya ga likita ya daɗe yana dubawa, sai ya fara salati a ransa.

Ruƙayyatu ta matso kusa. "Kwantar da hankalinka, Baba. Naman zuciya ƙananan ɗakuna na, ido bai ganinsu. Kowane na da ƙofofin da gishirin jiki ka shiga shi fita, shi ka tada bugu. Tsakanin ɗaki da ɗaki kuma akwai kafa, ta nan saƙo ka wucewa su motsa tare. Naka na sashen sama na zuciya, kafofin sun fara lalacewa, sai kowa na bugun gabansa."

Na'Allah ya yi tunani. "To a yashe su mana, kamar rijiya."

Likita ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce ba a yasa, amma akwai magani: ɗaya na saisaita bugu, ɗaya na hana jini daskarewa. Sharaɗin dai, ba sauran shiga rami.

Wannan ya fi ciwon damunsa. Mako uku yana zaune a zaure, jiki ya yi sauƙi, rai ba daɗi. Sai ga Labbo, wani makiyayi daga wajen Bafarawa, shanunsa duk haƙarƙari a waje, yana roƙon a haƙa masa rijiya.

"Ba ni shiga," in ji Na'Allah, "amma za ni zo."

Ya zauna a bakin ramin, 'yan'uwan Labbo na haƙa. Duk gugan da ya hau sai ya murza ƙasar, ya shinshina, ya ce a ci gaba. Ran kwana tara yashi ya fito da danshi, ya dunƙule a tafinsa. Kafin la'asar ruwa ya kai ƙwauri.

Mata suka yi ta guɗa, shanu na turereniya a bakin kwami. Na'Allah ya ari waya ya kira Sakkwato.

"Ka shiga?" in ji Ruƙayyatu.

"Ko ƙafa ban sa ba. Saurara ki ji."

Ya miƙa wayar saitin kwamin, inda shanun ke sha.