Maraƙa a Motar Jafaru

Jafaru bai taɓa ɗaukar ko kaza a motarsa ba. Bosuwaja ce mai ƙirar kunkuru, ruwan toka, wadda ya saya a Kano shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji. Shi ne hedimastan firamare a Safana, kuma ko malamansa sai sun kakkaɓe takalmi kafin su shiga.

Amma da yayansa Haliru, wanda yake kira Hamma, ya aiko daga rugarsu ta Babban Duhu cewa wata 'yar maraƙa ta ƙi nono, cibiyarta ta kumbura, babu yadda zai yi. Da shanun Haliru aka yi masa karatu. Ranar kasuwar Batsari, ranar da malamin dabbobi yake zuwa, ya shimfiɗa buhuna a kujerar baya, ya je rugar, shi da Haliru suka ciccibi maraƙar suka cusa ta, yana ta roƙon Allah kada ta yi masa ɓarna.

Bazara ce, rana ta take. Suna isa bakin kasuwa Jafaru ya hango Malam Daudu, malamin dabbobin, yana ɗaure jakarsa a bayan babur zai tafi. Ya kashe mota, ya yi wuf ya fita yana ƙwala masa kira. Ko ƙofa bai tsaya rufewa ba.

Da suka dawo tare, sai ya iske Haliru tsaye a gindin wata bedi, ya rataya sanda a kafaɗa, fuska a sake.

"Na kulle maka ita tsaf," in ji Haliru. "Duka ɓangarorin, yadda ka koya mini. Gilasan ma na ɗaga, don na ga tana leƙo kai."

Jafaru ya laluba aljihun gaba, ya laluba na gefe. Sannan ya sunkuya ya leƙa. Ga makulli can a jikin mota yana reto.

"Hamma! Wa ya ce ka kulle?"

"Kai mana. Ba kai ka ce a kasuwa ba a barin mota a buɗe ba?"

"Da makullin a ciki?"

"To, ni na bar shi a ciki?"

Jafaru ya ja hannun ƙofar, ta ƙi buɗuwa. Akwai makulli na biyu, amma yana wurin wani abokinsa a Katsina, wanda ya ari motar ran bikin ƙanwarsa bai mayar da shi ba.

Kafin ka ce me, 'yan kasuwa sun yi musu zobe, kowa da dabararsa. Wani mai sayar da igiya ya ce a jijjiga motar, ƙila ƙofar ta saki. Wani ya ce a ɗaga ta a leƙa ta ƙasa. Wani dattijo ya tofa addu'a a hannun ƙofa, ya ja, ya ce a ɗan ba ta lokaci. Wani direban akori-kura mai suna Gambo ya zo da tarin makullai a zobe, ya shiga gwadawa ɗaya bayan ɗaya, yana murɗawa da ƙarfin tsiya.

"A hankali, don Allah! Za ka karya shi a ciki!"

"Malam, ni fa taimako nake yi," in ji Gambo. Da makullan suka ƙare, ya miƙe wayar bokiti ya soka ta gefen gilashi. Robar ta yage, fenti ya kwarzane tsawon ɗan yatsa, ƙofa tana nan yadda take. Jafaru ya ji kamar a fatarsa aka ja wayar.

Ita kuwa maraƙa ta miƙe tsaye a kan kujera. Ta ture buhunan da ƙafa, ta ɗaga wutsiya, ta yi abin da Jafaru ya yi ta fargaba tun daga ruga. Mutane suka kwashe da dariya. Sannan ta zuro kai gaba ta kama rawanin Sallarsa da ya ajiye a kan kujera ta fara tsotsa.

"Alhamdu lillahi," in ji Haliru. "Ka ga ta fara neman abin ci."

Jafaru ya juya masa baya don kada ya faɗi abin da zai yi nadama.

Malam Daudu ya kare ido da tafin hannu ya daɗe yana leƙe ta gilashi. Da ya ɗago ba ya dariya.

"Hedimasta, motar nan ba ta shan iska ko kaɗan. Dubi yadda take haki. In aka ƙara jimawa, ba ni za ku nema ba, mahauci za ku nema. Ni kuma ana jirana a wani gari."

Haliru ya sauke sandarsa daga kafaɗa. Jafaru ya tare gabansa, ya buɗe hannuwa.

"Hamma, tsaya! Gilashin nan sai Kano ake samunsa. A tura wani Katsina ya karɓo makullin."

"Katsina?" Haliru ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Jafaru, uwar maraƙar nan jikar saniyar Baffanmu ce. In an je Kano an sami gilashi, ita a wace kasuwa za a samo ta?"

Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ƙona wa Jafaru rai. Ya sake leƙawa. Maraƙar ta saki rawanin, ta durƙushe, harshe a waje, ciki yana sama yana ƙasa. Gumi ya jiƙa masa riga har baya. Ya yi tsaki mai tsawo.

"Kawo sandar. In za a fasa, ni zan fasa abina."

Ya zaɓi ɗan ƙaramin gilashin nan mai kusurwa uku na jikin ƙofa. Bugun farko ya yi shi da tausayi, sandar ta dawo.

"Malam, ba ɗalibi ba ne, sake masa hannu!" in ji Gambo.

A na biyu ya haɗa da duk haushin da ya tara tun safe. Gilashi ya tarwatse, 'yan kallo suka yi shewa kamar an ka da wani a dambe. Ya zura hannu ya buɗe ƙofa, wani zafi da wari suka bugo shi har sai da ya ja baya.

Aka fito da maraƙa aka kwantar a inuwa, aka yayyafa mata ruwa. Malam Daudu ya matse cibiyar, ya wanke, ya yi mata allura. Ba a jima ba ta ɗago kai ta yi wani siririn kuka. Gambo ya tsaya yana jiran na goro, Jafaru ya ba shi ba tare da ya dubi fuskarsa ba.

Suka kama hanyar komawa, suka wuce Safana. Iska tana shigowa ta ramin gilashin tana yi wa Jafaru fito a kunne. A ruga, mahaifiyarsu Inno ta fito da sauri, ta wuce shi, ta rungume wuyan maraƙa tana yi mata sannu da Fulatanci. Sai daga baya ta lura da motar, ta tambaya ko dama haka tagar take.

Jafaru ya roƙi ruwa da toka, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa yana goge kujera. Yana cikin haka Haliru ya zo ya tsuguna kusa da shi, ya ajiye masa ƙwaryar kindirmo.

"Sannu, Jafaru. Allah ya mayar da alheri."

"Amin."

"Malamin ya ce a mayar da ita kasuwa mai zuwa, a sake yi mata allura. Yaushe za ka iso?"

Jafaru ya daina gugar. Ya dubi kujerar, ya dubi yayansa, ya matse tsumman a hankali har ruwan ya gama ɗiga.

"Da hantsi," ya ce. "Amma a bar ta da yunwa tukuna. Kuma Hamma, don girman Allah, kada ka sake taɓa mini ƙofa."