Dalmar Baba Kallamu

Ƙarfen liƙin ya suɓuce daga hannun Baba Kallamu ya faɗa masa a cinya, kuma bai yi saurin ɗauke shi ba. Rahinatu tana bakin ƙofarta tana tace zoɓo lokacin da ƙaurin yadi ya bugi hancinta. Ta ɗaga kai ta gan shi a kan bencinsa, ya zuba wa hannunsa na dama ido. Hannun ya langaɓe daga wuyan hannu ya yi ƙasa kamar fiffiken kazar da aka taka.

"Baba! Wuta a jikinka!"

Ta ruga ta fizge wayar ƙarfen daga bango. Wandon ya huje, fatar ta yi fari fat.

"Ba komai, Maman Ikram," in ji shi. "Hannun ne ya yi barci."

"Jiya ma barcin ya yi da ka kifar da shayi?"

Ya yi murmushi. Da hagu ya ɗaga ƙarfen ya mayar mazauninsa.

Gidan haya ne a Borokiri, cikin Fatakwal, kusa da bakin ruwa, ɗakuna a jere suna kallon juna. Ɗakin Rahinatu da mijinta Salisu, mahauci a kwatar Trans-Amadi, shi ne ke kallon na Kallamu. Kallamu mutumin Gashuwa ne, ya zo kudu yana saurayi yana dako, har wani Inyamiri a Anaca ya koya masa gyaran rediyo da talabijin. Matarsa ta rasu tuni, 'ya'yansa suna arewa. Duk unguwar nan, wanda kayansa ya mutu wurinsa yake kawowa. Yakan buɗe baya ya zaro fanel, koren allon nan mai 'yan ƙwayoyi a jere kamar taswirar gari, ya ɗora bakin ƙarfen mai zafi, dalma ta narke ta yi ƙyalli, ya cire ƙwayar da ta ƙone ya dasa wata. Da yake hannu biyu ba sa isa, zaren dalmar a haƙori yake riƙe shi. Ikram, 'yar Rahinatu da ba ta isa makaranta ba, kullum tana gindin bencin. "Amaryata" yake kiranta, kwano ɗaya suke cin ɗumame.

Da kayan gyara suka yi tsada, sai ya koma sayen matattun talabijin wurin 'yan bola. Ya kunna risho, ya gasa fanel a kai har dalmar ta saki, ya buga shi a bakin tire, ƙwayoyin su zubo, ya tsince masu rai. Dalmar da ta tsiyaye kuwa yakan haɗa ta da ta tsoffin batura ya narkar a gwangwani, masunta su saya su ɗaura wa komarsu don ta nutse. Da rani a waje yake yi. Da damina ta kankama, kuma ruwan Fatakwal ba ya jin roƙo, sai ya shigar da rishon ɗaki ya sakaya ƙofa.

"This smoke go kill person o!" Haka Madam Ibiene mai gidan take ihu in ta zo wucewa, tana toshe hanci da bakin zani. Amma garin da baƙar toka ke sauka a kan shanya da cikin hancin kowa, wa zai tsaya ƙorafin hayaƙin ɗaki ɗaya?

Agwagin Madam ne suka fara. Suna yawan kiwo a kwatamin da Kallamu ke zubar da shara. Wata safiya aka ga ɗaya tana juyi wuri guda, wuya a murɗe, kafin hantsi ta miƙe ƙafa. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Aka ce annobar kaji ce.

Sai ciwon ciki ya sa Kallamu a gaba. Rahinatu takan jiyo nishinsa ta bango, ta kai masa kunu da jar kanwa. Ya ce bakinsa ɗanɗanon ƙarfe yake yi, kamar ya tsotsi ƙusa. Salisu ya duba shi ya girgiza kai.

"Wannan ba ciwon asibiti ba ne," ya ce wa matarsa. "Mutum yana zaune lafiya hannun sana'arsa ya mutu? Akwai hannun wani a ciki."

Ya karɓo masa rubutu wurin wani malami a kwata. Kallamu ya sha, ya yi godiya. Da yamma Rahinatu ta gaishe shi, ya dube ta ya ce, "Sa'a, kin ɗaure akuyar nan?" Sa'a sunan marigayiya matarsa ne.

Ranar Alhamis, ana yayyafi, Ya'u ladanin ƙaramin masallacin unguwar ya shigo rungume da amfilifaya a cikin buhu. Ya durƙusa ya gaida Kallamu, ya tambayi jiki, sannan ya ce tun shekaranjiya da baki yake kiran salla, kuma ƙarar janaretoci ba ta barin kowa ya ji.

"Bar ta nan," in ji Kallamu.

Da Ya'u ya fita, Rahinatu ta ce, "Baba, da wane hannun?"

"Zo ki ara mini naki."

Ta so ta ƙi. Amma ta ga yadda idonsa ya dawo daidai da ya ga cikin akwatin a buɗe, sai ta zauna. Ya sa ta yanko robar tsohon tayar keke ta ɗaure masa ƙarfen liƙin a tafin hannu. Ya bi fanel ɗin da ɗan yatsan hagu har ya tsaya a kan wata ƙwaya da kanta ya kumbura.

"Ga munafukar. Kama ta da filaya. In na ce ja, ki ja a hankali, kada ki ɓamɓare hanyar wutar."

Ya tallafi hannun daman da na hagu, ya kai bakin ƙarfen. Yana rawa, ya kauce, ya sake kaiwa. Dalmar ta yi laushi, siririn hayaƙi ya miƙe ya shige fuskarsa.

"Ja."

Ƙwayar ta fito. Ta zura sabuwar inda ya nuna. Ya sunkuya da zaren dalmar a bakinsa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, ya ɗiga dalma a ƙafar ƙwayar ɗaya, ya ɗiga a ɗayar. Ɗigon farko ya yi kyau, sumul. Na biyu ya yi tudu kamar kashin tsuntsu.

"Da a da ne, da na ji kunyar wannan," ya ce. "Amma zai riƙe. Kwance ni."

Tana cikin kwance robar jikinsa ya sandare. Idanunsa suka juye, ya kife gefe, ƙafafunsa suna dukan tire, ƙwayoyi suna watsewa ko'ina. Rahinatu ta kurma ihu, gidan ya cika.

A Keke Napep suka kai shi asibitin gwamnati, Salisu ya taho daga kwata da jini a rigarsa. Likitar, wata mace mai tabarau, ta ɗaga hannun Kallamu ta sake shi ya faɗi. Sannan ta ɗage leɓensa ta haska. Rahinatu tana tsaye kusa, ta ga wani layi shuɗi-baƙi ya bi dasashinsa a gindin haƙora, kamar an ja shi da alƙalami.

"Wetin be him work?" likitar ta tambayi sana'arsa.

Salisu ya faɗa mata, har da rishon da gwangwanin. Ta ce dalma ce ta cika masa jini, ta daɗe tana taruwa, ta kai ga ƙwaƙwalwa. Za su gwada, amma an makara. Ta juyo ta dubi Rahinatu.

"Pikin dey that yard?"

Yaro a gidan? Ikram ce ta faɗo wa Rahinatu a rai.

Kallamu bai sake farfaɗowa ba. Washegari kafin a sauko daga Juma'a rai ya yi halinsa. Mahauta da 'yan dako suka yi masa wanka, suka sallace shi, aka kai shi makwancinsa cikin jar ƙasa mai ruwa. Salisu ya buga wa babban ɗansa waya a Gashuwa. Madam Ibiene ta sa kwaɗo a ɗakin, tana kuka tana faɗa.

Rahinatu ba ta zauna karɓar gaisuwa ba. Ta zazzage kwandon kayan wasan Ikram a tsakar ɗaki. Can ƙasa akwai gwangwanin madara mai nauyi. Ta buɗe. Cike yake da ɗigaggiyar dalma, ƙanana da manya, wasu da sawun ƙananan haƙora a jikinsu.

"Kuɗina ne," in ji Ikram. "Na angona ne, ni na tsinta. Ina ya tafi?"

"Kina sa su a baki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Ranar Litinin da sassafe suna kan bencin asibitin. An ɗebi jinin Ikram, an ce su jira. Ta yi kukan allura har ta gaji, ta yi barci a cinyar uwarta da auduga manne a hannu. Ruwa yana sauka a kan kwano, ma'aikata suna kai da kawowa. Rahinatu ta gyara mata kwanciya, ta juya fuskarta wajen hasken taga. Ta yi bisimilla, ta sa babban yatsa a hankali don kada ta tashe ta, ta ɗage leɓen.