Buhun da Ya Je Asibiti

A shekarun da gyaɗa ta fi mutum daraja, mota ɗaya ce ke ɗaukar fasinja daga Gwarzo zuwa Kano. Ita ma da kaka ta yi, sai mai ita ya cire bencinan ya mai da ita ta lodi. Gari kuwa sai cika yake yi. Masu awo, masu ɗinkin buhu, 'yan dako, kowa ya zo ya kafa rumfa, amma ba wanda ya zo da abin hawa.

A irin wannan kaka ne yanar ido ta rufe idanun Marka, wata tsohuwa daga Mainika. Likitan ido na Kano ya ba ta kati, ya ce ta zo ran Alhamis kafin azahar, don daga ranar zai tafi ƙasarsu, sai wata shekara. Ɗanta na fari, Jalo, ya kawo ta tasha tun ran Litinin.

Kwana uku suna zaune a gindin tsamiya. Motoci na wucewa, kowace ta yi tozo da buhuna kamar raƙumi. Jalo ya ɗaga hannu har kafaɗa ta gaji. Abin da ya fi ƙona masa rai, gyaɗar da ya noma da hannunsa ya sayar ran Lahadi, tuni ta isa Kano.

Ran Laraba da yamma ya tari wani direba mai suna Datti, wanda aka rubuta wa goshin motarsa "Sannu ba ta hana zuwa".

"Malam Datti, don girman Allah. Tsohuwa ce, ba ta gani."

"Ɗan Fulani, ni ma ban gan ta ba. Buhu nake ɗauka."

"To in buhu ne fa?"

"Buhu ko na uban wa ne, kawo shi da asuba."

Da asuba Jalo ya zo da buhun da ba komai a ciki. Ya yanka masa wuya da hannuwa, ya zura wa uwarsa a kan tufafinta, ya maƙala katin asibiti a ƙirjin buhun da ƙayar aduwa. Ya ɗaga ta ya ɗora can saman lodi, shi ma ya haye.

"Ga buhuna. Ni mai rakiyarsa ne."

'Yan dako suka yi ta dariya har wani ya zauna a ƙasa. Datti ya yi tsaki, amma magana ta riga ta fita a gaban mutane. Ya tayar da mota.

Bayan sun wuce Kabo akwai wata gada siririya, wadda mota ɗaya kawai ke bi. Datti ya hau ta daidai lokacin da wata mota daga Kano ta hau, suka tsaya goshi da goshi. Kafin rana ta ɗaga, motocin gyaɗa sun yi layi a baya, jakuna da raƙuma sun cushe duk wata kafa. Wani raƙumi ya sa baki yana cin gyaɗa ta ɓular buhu, cikin natsuwa, kamar shi kaɗai ya san abin da ya kawo shi.

"Koma baya," in ji ɗaya direban. "Na riga ka hawa."

"Ni Datti? Tun kana goye nake bin gadar nan."

Suka kashe motoci. Ɗayan har ya fito da buta ya kama wankin ƙafa. Hantsi ya yi, Jalo yana duban inuwa tana gajarta.

Marka ta jawo rigarsa. Bisa al'ada ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba.

"Kai wannan. Ba girman kai ba ne. Motar Datti ce ba ta tafiya da baya."

"Ina kika sani, Inna?"

"Kwana uku ina jin ta a tasha. Duk sanda za ta juya, turawa ake yi."

Jalo ya miƙe a kan buhuna ya faɗa wa jama'a. Aka yi ca a kan Datti.

"Ashe ribas ne babu? Ka shanya mu a rana don kada a ji?"

"Tsohuwa makauniya ta gano ka, direban banza."

Datti ya sunkuyar da kai a kan sitiyari. Jalo ya diro, maza suka taru, suka sa kafaɗa a goshin motar, suka yi ta turawa har ta sauka daga gada. Motar Kano ta wuce. Gada ta buɗe, kowane direba na baya ya taka mai don ya riga. Datti bai jira kowa ba, ya figi mota.

Marka ta ji ƙasa na gudu. Ta ɗaga murya: "Kai wannan. Kai wannan." Gadar kuwa cike take da wannan da wancan, ba wanda ya waiwaya sai Jalo, shi ma ƙafa ba ta kama mota.

Ya bi hanya a ƙasa yana zagin Datti, da gada, da gyaɗa, da duk wanda ya fara shuka ta. Motoci fiye da goma suka wuce shi, ba wadda ta tsaya. Sai ran Juma'a da safe ya shiga Kano, tafin ƙafa ya fashe.

Ya sami uwarsa a gadon asibiti, an naɗe mata ido ɗaya da farin ƙyalle. 'Yan dakon da ke sauke lodi ne suka ci karo da buhu yana salati. Suka ga katin, wani ya goya ta ya kai ta ƙofar likita, ana saura kaɗan a yi kiran azahar.

Jalo ya matso bakin gadon. Ya hangi buhun a ninke ƙarƙashin matashinta, ya miƙa hannu zai fizge shi ya yar.

Ta danne da gwiwar hannu.

"Bar min shi. Da me kake so in koma gida?"