A Littafi Ba Haka Ba Ne

A gidan Mai Rediyo, tsohon mai gyaran rediyo, akwai wani fim da ba a taɓa kallonsa an tashi lafiya ba. Tsohon fim ne na 'yan sama jannati, irin wanda kana ganin kumbon ka san da kwali da fenti aka haɗa shi, taurarin kuwa ƙananan ƙwayayen lantarki ne aka jera a jikin baƙin ƙyalle. Tun yaran gidan suna rarrafe ake saka shi, har kaset ɗin ya fara jan murya, kuma duk ranar da aka saka sai maigidan ya yi faɗa da talabijin. Laifin fim ɗin ɗaya ne: daga wani littafi aka ɗauko labarin, shi kuwa Mai Rediyo ya karanta littafin tun yana saurayi, bai kuma taɓa yafe wa masu fim ɗin ba.

Labarin ba shi da wuya. Wani matuƙin kumbo ne aka kwantar a akwatin sanyi, ya yi ta barci shekara da shekaru yana tafiya, ya bar 'yarsa ƙarama a duniya. Da ya dawo, sai wata na'ura ta tare shi a bakin ƙofa tana yi masa tambayoyi don a tabbatar hankalinsa ya dawo tare da shi. Ya amsa duka, ƙofa ta buɗe, 'yar da yanzu ta yi furfura ta rugo ta rungume shi, kiɗa ya tashi. To daidai nan Baba yake miƙewa zaune, ya nuna allon da yatsa.

"Ƙarya! A littafi ba haka ba ne!"

Auta, ƙaramar 'yarsa, ta tambaye shi ba adadi yadda abin yake a littafin. Amsar ba ta canzawa: "Sai kin girma." Littafin kuma yana can saman durowa, bangonsa ya tafi, an ɗaure bayansa da baƙin salatif na wayar wuta. Ta girma, ta yi aure, ta zama malamar firamare, ta manta da tambayar. Mutum ba ya neman ƙarshen labarin da ya riga ya ga an rungumi juna a ciki.

Abin da ya dawo mata da ita, tsoro ne. Tun bayan rasuwar mahaifiyarsu Baba yake zaune shi kaɗai, ita ce take biyowa kullum in an tashi daga makaranta. A 'yan watannin nan ta fara ganin abubuwan da ba ta gaya wa kowa ba. Ta tarar da rimot a cikin firiji. Ta tarar da ƙarfen narka dalma a jone, ya cinye gefen tebur, shi kuma yana tsakar gida yana kallon bango. Wanda ya fi tsaya mata a rai shi ne ladabi. Mutumin da tun tana goye yake ce mata uwar surutu, yanzu in ta shigo sai ya yunƙura ya miƙe, ya nuna mata kujera, ya ce sannu da zuwa. Ta yi ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da ya kira ta Auta, ta kasa.

Yaya, babban wansu, shi ba ya ɓoye-ɓoye. "Baba ya daina saninmu," in ji shi a waya. "Ki bar yaudarar kanki. A kwashe kayansa ya dawo wurina kafin ya ƙona kansa."

"Likita ya yi masa tambayoyi, ba wadda bai amsa ba," ta ce. "Sunansa, shekarar da aka haife shi, sunayenmu duka a jere. Har da dariya ya ba likitan."

"To me ya sa muryarki take rawa?"

Ta kashe wayar. Haushin Yaya take ji, haushi mai tsanani, don ta san in aka raba tsohon nan da ɗakinsa da matattun rediyoyinsa, an gama da shi. Sai ta yanke wa kanta gwajin da ba likitan da ya san shi. Za ta saka masa fim ɗin. In ya yi faɗan nan a daidai wurin, Babanta yana nan. Don ta iya gane ko amsarsa daidai ce, ta hau kujera ta sauko da littafin, ta kaɗe ƙura, ta tafi da shi gida.

Da ta sani da ba ta karanta ba. Tun shafukan farko ta ga ba abin da ta sani ba ne. A fim matuƙin dogo ne mai gashin baki, ga wani mutum-mutumi mai barkwanci yana bin sa. A littafi gajere ne mai ciwon haƙori, ba mutum-mutumi, ba barkwanci, sai wata murya da take fitowa daga bango tana gaya masa sauran iskar da ta rage. A fim kumbon fes yake kamar ɗakin amarya, a littafi yana yoyo yana warin tsatsa. Wannan duk ta shanye, har ta ɗan yi murmushi, ta ce lallai Baba yana da gaskiya. Babi na ƙarshe ne ya ɗauke mata murmushin.

A littafin, matuƙin ya san dogon barcin nan yana cin ƙwaƙwalwa. Don haka kafin ya kwanta ya yi ta maimaita amsoshin na'urar, safe da yamma, har harshensa ya iya su ba tare da shi ba. Da ya dawo, na'ura ta tambaya, harshe ya amsa, ƙofa ta buɗe. Ga 'yarsa tsaye da furfurarta. Ya dube ta, ya gaishe ta cikin mutunci yadda ake gaida matar da aka haɗu da ita a tasha, ya wuce. Daga nan sai farar takarda. Auta ta juya shafin, ta sake juyawa, ba a faɗi abin da 'yar ta yi ba. Ta zauna da littafin a cinya, tana jin likita yana cewa ai Baba ya amsa duka.

Ranar Asabar da hantsi ta isa gidan. Baba ya miƙe, ya nuna mata kujera. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta durƙusa gaban tsohon bidiyon da shi ya gyara da hannunsa sau ba iyaka, ta hure kan kaset ɗin, ta tura. Hoton ya yi rawa, layuka suka bi ta kansa, sannan ya tsaya. Ta ja labule don hasken rana, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, wurin zamanta na da.

Ba ta taɓa sanin fim ɗin nan yana da tsawo haka ba. Kumbo ya tashi, Baba shiru. Mutum-mutumi ya yi tuntuɓe ya faɗi, wurin da a da Baba yake tsaki ya ce wannan gwangwanin ko sunansa babu a littafi, yau ko gezau. Hannuwansa suna kan gwiwa, bakinsa a ɗan buɗe. Ta saci kallonsa, ta ga hasken allon yana wasa a gilashinsa, ba ta iya ganin idanun ba. Fankar sama tana juyawa, amma zufa take yi har ta jiƙa mata wuyan riga. Ta ji kamar ta tashi ta zare waya daga bango ta ce wuta ce ta ɗauke. Muddin ba a kai wurin ba, ba wanda zai ce mata komai.

Aka kai wurin. Matuƙi ya fito daga akwati yana layi. Na'ura ta fara tambaya da muryar nan tata mai sanyi, yana amsawa. Auta ta riƙe ƙafar kujera. Ƙofa ta fara buɗewa, kiɗa ya taso, matar mai furfura ta ware hannuwa.

"Ƙarya!"

Kujera ta yi ƙara. Yatsan nan da dalma ta ƙona tun tuni yana nuna allon.

"A littafi ba haka ba ne! Mutanen banza, sun ɓata labari!"

Dariya ta kufce mata haɗe da hawaye. Ta ji daɗin da ba ta ji irinsa ba tun rasuwar Mama. Hannunta har ya kai kan waya, za ta kira Yaya ta sa masa ya ji da kunnensa. Sai babin nan ya faɗo mata, harshen da ya iya amsa ba tare da mai shi ba. Wannan faɗan, ai Baba ya yi shi ya fi a ƙirga. Tana iya yin shiru a nan, ta tafi gida da nasararta, ba wanda zai sani. Ta janye hannu daga kan wayar, ta juyo ta dube shi.

"To yaya yake a littafin?"

Ta jira ya ce sai kin girma, ko ya yi shiru yana lalube. Bai yi ko ɗaya ba. Ya gyara zama, ya cire gilashi, ya fara bayani tiryan-tiryan. Ya faɗi ciwon haƙorin, ya faɗi yoyon, ya faɗi muryar bango. Ya faɗi yadda matuƙin ya horar da harshensa, har kalmomin da yake maimaitawa. Ba abin da ya tsallake, wani wurin ma ita da ta karanta shekaranjiya ta manta, shi ya tuna. Muryarsa ta dawo irin ta da, mai ƙarfi, mai son gardama. Auta tana ji tana gyaɗa kai, zuciyarta tana cewa ga shi nan, wallahi ga shi nan.

"Sai ya gaishe ta ya wuce," ya ce. "Nan marubucin ya ajiye alƙalami. Shi ya san abin da yake yi. Su kuwa masu fim tsoro suka ji."

Ya dubi ƙofa, sannan ya sunkuyo kusa da ita ya rage murya.

"Amma baiwar Allah, don Allah in kin haɗu da 'yata a waje kar ki gaya mata. Auta. Yanzu za ki ga ta shigo da jakarta tana surutu. Yarinya ce mai tsoro, ko ƙadangare ta gani sai ta ƙanƙame ni. In ta ji uba yana iya wuce 'yarsa bai gane ta ba, ba za ta yi barci ba. Shi ya sa na ɗora littafin can sama. Gara ta zauna da na fim ɗin."

Kaset ya kai ƙarshe, ya yi ƙas, allon ya koma shuɗi. Auta ta ji ɗakin ya yi mata girma. Ta dubi fuskar da ta sani fiye da tata, fuskar tana dubanta da fara'a da ladabi, tana jiran alkawari. A jakarta waya ta fara ruri, ta san Yaya ne, ta kuma san abin da za ta gaya masa in ta fita. Littafin ma yana cikin jakar. Ta tura ta ƙarƙashin kujera da ƙafa don kar ya hango baƙin salatif ɗin.

"Ba zan gaya mata ba, Baba."

"Madalla, Allah Ya yi miki albarka." Ya mayar da gilashinsa, ya sake duban ƙofa. "Ta yi latti yau. Ko za ki ɗan zauna ku gaisa?"

"Zan zauna," ta ce.

Ta matsa ta danna maɓallin mayar da kaset baya. Injin ya fara gurnani, su biyu suna fuskantar ƙofa, suna jiran Auta ta dawo daga makaranta.