Wuta a Ƙarƙashin Gadon Ƙarfe

Ajuma tana sussukar hatsi a gindin rumbu ranar da labarin ya iske ta a Sukukutane, bazara ta biyu bayan an sauke tutar Nasara. Habu mai jakai ne ya kawo shi daga Dogon Dutsi. Ko kaya bai sauke ba ya ɗaga murya.

"Albishirinki, Inna Ajuma!"

"Goro."

"Habsatu ta sauka, yau kwana huɗu. Ɗiya mace."

Ajuma ta yar da taɓarya ta rangaɗa guɗa. Cikin 'ya'ya shida da ta haifa, Habsatu kaɗai ta rayu. Haihuwar fari ce, a gida ya kamata ta yi ta, amma mijinta Inusa, mai aikin rubutu a biro, ofishin gwamnati, ya ce can sun fi kusa da likita.

"Ai ɗiyarki ta zama madam," in ji Habu yana dariya. "Inusa ya rufe ɗaki da kwano, ya sayo mata gadon ƙarfe mai walƙiya. Saƙonki kuma tuni na isar ma Kaltume, ko kalma ban rage ba."

Ajuma ta katse guɗar.

Wata guda da ya wuce ta aika wa Kaltume, gwaggon Inusa, wadda za ta kula da jegon. Ta ce a sa wa Habsatu garwashi a ƙarƙashin gado har kwana arba'in, kada sanyi ya shige ta. Ta ce ko ta yi kukan zafi kada a saurare ta, 'yar lakwal ce, wato makarantar boko, raki gare ta. Haka aka yi wa Ajuma, haka aka yi wa uwarta. Amma su a kan gadon ƙasa suka kwanta, mai kaurin taƙi biyu, wanda sai wuta ta daɗe kafin ɗumi ya hau samansa. Da ta yi aiken, gadon da ke idonta ke nan.

Sai ta tuna wani hutu da Habsatu ta dawo daga lakwal. Yarinyar ta tsoma cokalin ƙarfe da muciya a tukunyar kunu mai tafasa, ta ce, "Inna, taɓa ki ji." Muciyar lafiya lau. Cokalin kuwa ya sa Ajuma ta yarfe hannu.

"Mushe, malaminmu, ya ce ƙarfe ba ya tsare zafi, miƙa shi yake nan take ga wanda ya taɓa. Icce da ƙasa a hankali suke sha, a hankali suke bayarwa."

"Abin da anka kai ki koyo ke nan?" Ajuma ta ce da ita a ranar. "Wace mace ce ba ta san cokali na ƙuna ba?"

Babu mota sai ranar kasuwa, saura kwana uku. Ajuma ta ari jakin Habu ta kama hanya a take. Kwana biyu tana cikin rairayi. Da rana ta take, zoben ƙarfen da ke jikin igiyar jakin ya shafi ƙwaurinta, ya bar mata tabo. A wata rijiya ta kai hannu ga bokitin da aka bari a rana, ta janye. Ƙwaryar da ke gefensa kuwa ta ɗauka ta sha. Daga nan ba ta ƙara tsayawa hutu ba.

Da azahar ta isa. Gidan shiru, sai kwanon rufin da ke ƙas-ƙas saboda rana. Kaltume ta tarye ta da fara'a.

"Marhaba da kaka! Ko sau guda ba mu bari wuta ta mutu ba. Kwana biyun farko ta yi ta roƙo a fidda kasko. Na ce mata maganar uwarki ce. Tun daga nan ba ta ƙara cewa uffan ba. Kin yi tarbiyya, Ajuma."

Ajuma ta ɗaga labule. Zafi ya buge ta a fuska kamar ta leƙa tanda. Kasko biyu na garwashi a ƙarƙashin gadon. An naɗe katifa an jingine a bango don kada ta kama wuta, tabarma guda kawai aka shimfiɗa. Ta dafa ƙarfen gadon za ta sunkuya, tafin hannunta ya soye.

Habsatu na kwance, leɓɓanta sun tsage, ƙafafunta sun kumbura, numfashi guntu-guntu. Ko gumi ta daina yi.

Da hannu tsura Ajuma ta jawo kasko biyun waje. Ta kinkimi ɗiyarta zuwa inuwar bukkar girki, ta kwantar da ita a ƙasa, ta jiƙa zane ta rufa mata. Da ta juya ta, ta ga sawun sandunan gadon jere a bayanta, jajur.

"A kira Inusa! A kira likita!"

Habsatu ta buɗe ido da ƙyar.

"Inna, kin zo? Na daure, kamar yadda kinka ce."

Kafin likita ya iso, bayan la'asar kaɗan, ta cika.

Waɗansu suka ce kwana ne ya ƙare. Waɗansu suka ce aljana doguwa ce ta bi ta. Kaltume ta rantse ba ta bar sanyi ya shiga ɗakin ba, kuma gaskiya ta faɗa. Ajuma ba ta yi musu da kowa ba. Washegari aka raɗa wa jaririyar suna Fati. Inusa bai hana ba, Ajuma ta goya ta zuwa Sukukutane, ta raine ta da nonon akuya.

Fati ta yi shekara biyar yanzu. Gadonsu na ƙasa ne, tun ranar kuma ba a sake kai wuta kusa da shi ba. Duk da haka, kullum kafin yarinyar ta hau, Ajuma sai ta ce mata dakata. Ta ɗora bayan hannunta a kan tabarmar, ta ɗan jima, sannan ta ce, "To, kwanta."